Turmin Gwaggo na Saman Bene

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Gwaggo dai ta riga mu kama hanya. Ta rasu ranar Laraba da hantsi a ɗakina da ke unguwar Hindawiyya a nan Makka, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. An yi mata salla a Harami bayan la'asar, maza suka raka ta makwancinta, mu mata muka zauna karɓar gaisuwa. Yayar mahaifinmu ce. Ita ta goyi yayana, ita ta goye ni, tun da Ummanmu ba ta yi tsawon rai ba. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, a zaman makokinta kowa ya yabe ta, amma babu wanda ya faɗi dalilin yabon da babbar murya.

Gidanmu hawa uku ne idan an haɗa da rufin. Yaya da iyalinsa suna ƙasa, ni da nawa muna tsakiya, Gwaggo kuma tana can sama a ɗaki ɗaya da ɗan fili a gabansa. Ranar farko mata suka cika falona har bakin matakala. Wasu na san su, masu sayar da waina da fura a bakin titi, da masu sharar otal-otal na Jarwal. Wasu kuwa ban taɓa ganin fuskarsu ba sai da suka ɗaga niƙabi. Wata da ta taso tun daga Jidda ta kurɓi gahawa, ta ajiye finjalin, ɗan kofin da ta sha a ciki, ta ce, "Allah ya jiƙan Hajiya. Ta iya daka." Ta kusa da ita ta gyaɗa kai ta ce, "Wallahi ta iya daka." Kafin ka ce me, duk ɗakin ya ɗauka, sai ka rantse tsohuwar nan ta shekara tamanin a duniya ba ta tsinana komai ba sai yaji. Wata yarinya haifaffiyar nan, wadda Hausarta ba ta wuce "ina kwana" ba, ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce mini da Larabci ba don Gwaggo ba da yanzu ba ta san inda take ba.

Sai na lura da wani abu. Kowace mace in ta ɗan zauna sai ta ce falon ya cika, bari ta hau sama ta yi salla. Na bi bayan ɗaya a hankali. Na tarar da ita tsaye gaban turmin Gwaggo, wanda na lulluɓe da tsohon zaninta. Ta ɗora tafin hannu a bakinsa, ta ɗan jima, ta shafa fuskarta, ta sauko.

Matar Yaya ma ta gani, kuma ba ta iya ɓoye wa mijinta komai. Bayan magariba ya aiko a kira ni. Na same shi a gindin matakala, inda ya saba tsayawa. Yayana direban tasi ne, kuma shi ke limanci a ƙaramin masallacin layinmu idan liman ba ya nan. Ya yi karatu sosai, ba ya ƙarya, ba ya cin haƙƙin kowa, sai dai in ya kafe a kan abu ko jaki ya san ya ga ubangidansa. Shi ya ɗauki makarar Gwaggo a kafaɗarsa, amma idonsa a bushe yake tun safe.

"Ya ukhti, ƙanwata, saurare ni," ya ce. "Zan bari kwana ukun nan su cika, kada a ce na ci mutuncin mamaciya. Ranar Juma'a bayan la'asar zan hau in sauko da turmin nan in sa masa gatari. Halas, magana ta ƙare. Ba za a mayar mana da gida wurin ziyara ba. Kuma in magana ta fita waje aka ce sihiri ake yi a nan, matan nan marasa iƙama, takardar zaman ƙasa, su za su fara shiga uku."

Ban iya musa masa ba, don rabin maganarsa gaskiya ce. Amma akwai wata magana a bakina wadda na san ita kaɗai za ta iya tsayar da gatarin, kuma Gwaggo ta ɗaure ni da alkawarin kada in faɗa masa. Na hau sama da wannan nauyin, ina da kwana biyu in san yadda zan yi.

Ba zan yi kwana-kwana ba, Gwaggo 'yar bori ce. A wani ƙauye na ƙasar Katsina aka haife ta, mahaifiyarta kuma ita ce uwar girka ta yankin, wato mai shigar da masu lalurar iskoki ɗaki ta yi musu magani. Gwaggo ta tashi tana salla tana azumi, kuma ta tashi da ƙarar garaya a kunnenta, ba ta ga abin da ya raba su ba. Takan ba ni labarin yadda ake yi a gida. Sai an share fili, an kira makaɗa, an fito da kayan kowane iska, wannan jar hula, wancan babbar riga. Sai an nemo dabbar da yake so da launin da yake so. Mai lalura kuma ta kwana bakwai a ɗaki ba ta fita. Da ta zo aikin Hajji da aminiyarta, wadda muke kira Iya, suka ƙi komawa, ta ce ta baro abin nan a gida har abada.

"Ni na bar shi," in ji ta, "shi ne bai bar ni ba."

A Jarwal suka fara zama, tun ana hawa tudu a bi lunguna, kafin manyan gine-gine su cinye unguwar. Wata maƙwabciyarsu ta haihu jaririn bai zo da rai ba. Matar ta daina magana, ta daina ci, sai ta zauna ta kafe bango da ido. Ba uwa a kusa, ba dangi, ba takardar da za ta shiga asibiti da ita hankali kwance. Wata rana Gwaggo tana dakan citta a gefenta, hannunta ya faɗa cikin taken Doguwa ba da niyya ba, wannan kiɗan mai tafiya a hankali da aka san iskar da shi. Sai matar ta ɗago kai. Gwaggo ta ci gaba. Matar ta fara rangaji, can ta ɓarke da kukan da ta riƙe wata guda. Washegari ta sha kunu. Daga nan labari ya bi bakin mata, shi kuwa labarin mata ba ya jiran mota.

Abin da ya fi ba ni mamaki da Gwaggo shi ne yadda ta ɗauki babban wasan nan na fili da makaɗa ta yi ta rage shi har ya shiga ɗaki ɗaya. Ba rana ɗaya ta yi ba. Duk abin da garin nan ya hana ta, sai ta zauna ta yi tunanin me abin yake yi wa mai lalura, sannan ta nemi wanda zai yi aikin a cikin kayan gida.

Na taɓa tambayarta ina yarinya me ya sa ba ta da garaya irin ta labarinta. Ta dube ni sheƙeƙe.

"Garaya a Makka? So kike a kwashe mu a mota ɗaya da ke da ni? Ɗiyata, tunda aka gina garin nan ba a taɓa kama mace don ta daka barkono ba."

Sai ta mayar da taken kowane iska cikin taɓarya. Na Sarkin Rafi da sauri yake, da hargagi, har turmin yana tsalle. Na Ɗan Galadima da yanga, bugu biyu a tsaya, kamar mai jin kansa. Mutanen Yaman da ke ƙasansu a Jarwal suka yi ta zungurar silin da sandar tsintsiya, sai ta samo tsohuwar tayar mota ta shimfiɗa bargo a kai ta ɗora turmin. Har yau a kan tayar yake. Manyan riguna da huluna suka koma hankici, irin wanda ake sayar wa alhazai a bakin titi, ja da fari da baƙi, ta ɗaura wa mace ɗaya a wuyan hannu. Fili ya koma tabarma guda. Kwana bakwai a kulle kuwa ba zai yiwu ba ga matar da in ba ta fita aiki ba ba za ta ci ba, sai ta mayar da shi yammaci bakwai, daga la'asar zuwa kiran magariba. Da an ce Allahu Akbar ta jingine taɓarya, ko da a tsakiyar take ne, su yi alwala tare.

Yanka ne ya fi ba ta wahala, kuma yadda ta rabu da shi har yanzu in na tuna sai na yi dariya. Ina 'yar shekara goma sha biyu ta ja ni zuwa kantin unguwa, tana neman jan zakara. Mai kantin ya buɗe firiza ya miƙo mata kaza a leda, a fige, ta daskare kamar dutse. Gwaggo ta juya ta, ta sake juyawa, ta ce in tambaye shi da Larabci wane launi ne gashin kazar nan lokacin da take da rai. Na ji kunya kamar in nutse, amma na tambaya. Mutumin ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "Ya Hajja, wannan daga Barazil ta zo. Ni ina na san ta?"

Muka fito. Muna hawa tudu sai ta fashe da dariya har tana dafa bango.

"Kazar da ba wanda ya san launinta ai ba ta iska ba ce," ta ce. "Wanda ya halicce ta kaɗai ya sani. Tashi ce, a ba bayinshi."

Ta dafa ta da shinkafa ta kai wa masu sharar titi. Daga ranar ba ta sake zubar da jini don kowa ba. Wadda ta kammala yammacinta bakwai sai ta dafa abin da ta samu ta ciyar da mai jin yunwa, shi ke nan.

Akwai abu ɗaya da ta ƙi saki, wato atishawa. A bori, idan iska zai sauka daga kan mutum da atishawa yake fita, daga nan mutum ya dawo hayyacinsa. Gwaggo ta ce mace ba za ta tashi daga tabarma haka kawai ba, dole a sami ƙofar da za ta fita ta bar abin a baya. Saboda haka citta da kanumfari da masoro take dakawa tun farko, sai dab da magariba ta watsa busasshen barkono ta ƙara ƙarfin hannu. Ba a daɗewa sai ka ji atishawa. Matar ta ce, "Alhamdulillah." Gwaggo ta ce, "Yarhamukillah. Tashi ki wanke ido." Yajin kuma ta ƙulla mata a leda ta tafi da shi gida. Rabin Hausawan Hindawiyya da yajin Gwaggo suke cin tuwo, mazansu ba su san tarihinsa ba.

Da waya ta zo ma ba a bar ta a baya ba. Wata da hukuma ta mayar Nijar tana rana ta huɗu cikin bakwai ɗinta ta kira tana kuka, ta ce an katse mata. Gwaggo ta sa na jingina wayar a jikin turmi ta ƙarasa mata sauran kwana ukun. Ta ce a gaya mata ta tanadi nata barkonon a can, "don yaji ba ya bin waya." Matar Yaya kuwa ta taɓa sayo mata injin markaɗe, da nufin ta huta. Ta yi godiya sosai, ta zuba zare da allura a ciki.

To, sai rigimar. Shekara tara ke nan. Lokacin Yaya ya gama karatunsa, ya fara yi wa mutane ruƙiyya da ayoyin Alƙur'ani. Wata la'asar ya hau sama ɗauko wani abu, ya tarar da mace a tabarma, Gwaggo tana daka tana yi wa Doguwa kirari ƙasa-ƙasa, tana kiranta da ta sassauta. Ya yi ladabi, ya jira a matakala har matar ta tafi. Ina wurin ina kwashe shanya.

"Gwaggo, wa kike kira?" ya ce.

"Ka ji ai."

"Wannan shirka ce. Kiran wanin Allah, a garin Allah, ana hango hasumiyar Harami daga inda kike tsaye. Haramun ne, Gwaggo. Ki tuba."

Ta jingine taɓarya. "Da wannan taɓaryar na lallashe ka kana bayana. Ba ka barci sai ka ji ta. Yanzu tambaya ka zo yi ko hukunci?"

"Hukuncin ba nawa ba ne. A rubuce yake."

"To tunda ka zo da shi a rubuce, mi zan ce maka?"

Ya rantse da Allah ba zai sake taka rufin nan ba muddin turmin yana aiki. Ta ce Allah ya ba shi lafiyar ƙafa. Ya sauka. Zan faɗi gaskiya, ni kaina kirarin nan ya daɗe yana tsaya mini a wuya. Ina son Gwaggo kamar raina, amma duk sanda na ji ta ambaci sunayen sai gabana ya faɗi. Na san a wannan gaɓar Yaya bai yi ƙarya ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne bai tambaye ta komai ba, bai tambayi matar da ta sauka tana share ido me ya kawo ta ba.

Hajjin da ya biyo baya na sami aikin girki a wata hemar alhazai a Arfa, na tafi da ita tana yanka mini albasa. Bayan la'asar, lokacin da filin duka ya miƙe da addu'a, sai na neme ta na rasa. Na same ta a bayan hema, tsaye a rana, hannuwanta a sama suna warin albasa, hawaye yana bin wuyanta. Ba ta sauke ba har rana ta faɗi. Da muka koma kwashe tukwane ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, "Yaron nan da gaskiyarshi a abu guda. Sunayen na bar su nan."

Kuma ta bar su. Daga wannan shekarar da bisimilla take ɗaga taɓarya, ba kirari, ba kiran kowa. Hankicin ma ta daina zaɓen launi, wanda hannunta ya kai shi take ɗaurawa. Na ce mata, "Gwaggo, to me ya rage?" Ta ƙirga mini da yatsu: daka, da zama, da atishawa. Ta ce ta ɗauka matan za su daina samun sauƙi, ta shirya wa hakan. Sai ga shi suna zuwa, suna kuka, suna tashi su ci abinci kamar da.

"Ko su ne suka tahi, ko dama can ba su ba ne, ban sani ba," ta ce. "Allah shi ya sani. Ni dai na san mace in ta sami inda za ta zauna ba a tambaye ta takarda ba, ba a ce ta yi haƙuri ba, rabin ciwon ya tahi."

Murna ta kama ni, na ce bari in sauka in gaya wa Yaya. Ta riƙo zanina.

"Kul. Matakala goma sha tara ce daga ƙoharki zuwa nan. In yana son sani, shi hau shi tambaya. Ki yi mani alkawari."

Na yi mata, ina ganin abin mako ɗaya ne ko biyu. Na manta jini ɗaya ne ke gudu a jikinsu. Shi yana jin daka daga ƙasa yana ɗauka komai na nan yadda ya bari, ita kuma tana jira ya hau. Bai taɓa fasa aika mata abinci ba. Ranar Salla ya zo ƙofata ya ɗaga murya, "Gwaggo, barka da Salla! Kullu am wa inti bi hair!" Ita kuma ta leƙo daga sama ta ce, "Barkanmu dai, malam. Allah shi maimaita." Tun tana iya sauka kasuwa su haɗu a ƙofar gida su gaisa, har ƙafa ta hana ta. Shekara takwas ina tsakaninsu da maganar a bakina. Na sha cewa gobe zan karya alkawarin, gobe ta yi in ji tsoronta. Wannan laifina ne, kuma ba na neman wanda zai ɗauke mini shi.

Da ciwo ya kama ta na sauko da ita ɗakina. Nan Yaya ya riƙa zuwa safe da yamma, ya kawo magani, ya zauna a gefenta yana karatu. Takan zuba masa ido, shi kuma ya sunkuyar da kai kan Alƙur'ani. Babu wanda ya taɓo maganar. Ana gobe za ta rasu, bayan ya fita, ta ce mini, "Ya hau?" Na ce bai hau ba. Ta lumshe ido ta ce, "Zai hau."

Ranar Juma'a, rana ta uku, na kai kukana wurin Iya, aminiyarta. Ta tsufa tukuf, amma kanta garau yake. Ta saurare ni tana murza carbi.

"Alkawari da mamaci nauyi gare shi," ta ce. "Amma mi ta ce? Cewa ta yi shi hau shi tambaya. Yau zai hau da ƙahwarshi. In ya tambaya, ki ba shi amsa. In bai tambaya ba, ki bar shi da gatarinshi."

Aka yi sa'a ko rashin sa'a, yajin da ake zuba wa masu makoki a abinci ya ƙare. Bayan la'asar na riƙe Iya muka hau, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin Gwaggo. Na yaye zanin, na zuba citta da kanumfari, na yi bisimilla na fara. Ban yi niyyar wani take ba, hannuna ne ya bi hanyar da ya sani. Ina cikin yi na ji takunsa a matakala. Ya fito da buhu a ninke a hammata, yana haki.

"Har kin gaje ta?" ya ce.

"Yaji ne, Yaya. Mutane na jiran abinci. In na kwashe ka ɗauka."

Ya tsaya yana kallon wurin da rabonsa da shi shekara tara. Tabarmar tana nan, da butar alwalarta, da injin markaɗen cike da zare. Na ci gaba da daka. Ya buɗe buhun. Ya sake ninkewa. Na riga na cire rai, na ɗebi barkono na watsa don in gama in ba shi wuri. Sai na ji muryarsa, ba irin ta liman ba, irin ta lokacin da muke yara.

"Ya ukhti, don Allah ki faɗa mini. Har ta mutu tana kiran su?"

A nan na gane abin da ya busar masa da ido kwana uku. Ba haushin turmi yake ji ba. Tsoro yake ji mata.

Na gaya masa komai. Na gaya masa Arfa, da warin albasa, da abin da ta ce a kansa. Na ce shekara takwas ba ta ambaci sunan kowa a kan turmin nan ba sai na Allah. Iya ta ce, "Ni shaida ce, kuma kabari nike hange."

"Shekara takwas," ya ce. "Me ya hana ta gaya mini?"

"Cewa ta yi ka hau ka tambaya."

Ya juya ya kalli matakalar da ya hawo. Ya daɗe yana kallonta. Ni kuma don ban san abin da zan yi da hannuna ba sai na ci gaba da daka, ƙurar barkono ta tashi. Ya yi atishawa. Ya sake yi, ya kuma yi ta uku.

"Alhamdulillah," ya ce, don bakinsa ya saba.

"Yarhamukallah," in ji Iya a hankali. "Zauna, ɗana."

Ya zauna a kan tabarmar Gwaggo, ya rufe fuska da buhun, ya yi kukan da ban taɓa jin ya yi ba ko ranar da muka rasa mahaifinmu. Ba mu ce ya yi haƙuri ba. Na rage ƙarfin hannu na ci gaba, har aka kira magariba, na jingine taɓarya.

Ya tashi ya ɗauki butarta ya wanke ido. Ya ce mini daga yau kada in sake barin kowa ya shafi turmin nan ya shafa a fuska, itace ne, ba ya amfanar da kowa ba ya cutarwa. Na ce ita ma da ta gani da ta kore su da tsintsiya. Ya ce in dai daka ne, a daka. Na ƙulla masa yaji a leda kamar yadda take yi, ya karɓa.

Ubangiji, ga baiwarka ta zo maka. Ka san abin da ta ɗauko daga gida, ka san abin da ta ajiye a hanya saboda kai. Ka yafe mata na farkon, ka karɓi na ƙarshen, ka shimfiɗa mata inda za ta zauna ba a tambaye ta takarda ba.

Yaya ya kai bakin matakala da buhunsa a ninke, sai ya tsaya ya waiwayo.

"Allah ya jiƙan Gwaggo," ya ce. "Ta iya daka."